Akwatin Masu Karatu: Ta yaya kwamfuta ke sanin inda dabbobin teku suke, kuma ina labarin ayun kogin Isa?

Salamu alaikum masu karatu. Saƙonnin wannan karon uku ne, duk kan dabbobin ruwa masu shayar da 'ya'yansu nono, shi ya sa na haɗa su wuri guda.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni malamar lakwal ce nan Tawa. Mun kalli wani shiri a tele inda anka nuna taswira mai launi ja da shuɗi, wai nan ne manyan dabbobin teku irin su balen za su kasance wata mai zuwa. Yara sunka tambaye ni yaya anka yi anka sani, ni kau ban da amsa. Wanga abu ba duba ba ne kuwa?

AMSA: Malama sannu da ƙoƙari da yara. Ba duba ba ne, lissafi ne. Ke da kike Tawa kin fi ni sanin makiyayin Azawak, in kika tambaye shi ina shanu za su kasance bayan ruwan fari ba zai buga ƙasa ba, zai tuna inda tabki yake, inda haki ya fara fita bara da bara waccan, sai ya faɗa miki kuma galibi ya dace. To aikin nan ne aka ɗora wa kwamfuta, sai dai teku ba ta barin sawu, dole a nemo wasu alamun.

Da farko masu bincike na shiga jirgin ruwa ko ƙaramin jirgin sama su bi layi miƙaƙƙe da aka shata tun kafin a tashi, duk dabbar da suka gani su rubuta wurin da lokacin da kuma nisanta daga layin. Nisan nan yana da amfani, don da shi ake ƙiyasta nawa ido ya tsallake, tunda wadda ke nesa ta fi wuyar gani kuma wasu suna ƙarƙashin ruwa lokacin da jirgin ya wuce (akwai irin balen da ke nutsewa fiye da awa guda bai fito shan iska ba). Kuma abin da mutane ba su cika lura da shi ba, inda aka duba ba a ga komai ba shi ma ana rubutawa, darajarsa ɗaya da inda aka gani. Bayan ido akwai na'urar sauraro da ake saukarwa cikin ruwa ta yi watanni tana naɗar kukansu, akwai kuma 'yar na'ura da ake maƙala wa dabbar tana aiko da inda take ta tauraron ɗan'adam.

Daga nan sai a yanka teku gida-gida a kan taswira, misali kilomita 10 kowane gefe, kowane gida a zuba masa bayanansa: zurfin ruwa, zafin saman ruwa, nisa daga gaɓa, da launin ruwan wanda tauraro ke gani daga sama, don ruwan da ya yi kore yana nufin ƙananan tsirrai sun yi yawa, inda suke kuwa nan ƙwarin ruwa da ƙananan kifi ke taruwa. Kwamfuta sai ta auna, a wane irin gida aka fi ganin dabbar a wane iri ne ba a gani ba, in ta kama alaƙar sai ta shafa ta a kan sauran gidajen da ba wanda ya taɓa zuwa. Ja ɗin da kika gani ba ya nufin ga dabba nan tsaye, yana nufin nan ne aka fi sa ran samunta. Ki gaya wa yara cibiyar AGRHYMET da ke nan Yamai ma da hotunan tauraro take bin diddigin ruwan sama da ciyawar Sahel, ilimin ba baƙo ba ne a ƙasar nan.

TAMBAYA: Ni ɗalibi ne a Jami'ar Abdou Moumouni. Tambayata, in yanayi yana canjawa ai bayanan da aka tara shekaru 20 baya sun zama tsohon zance, to lissafin ba zai yi ƙarya ba? Kuma mi ya haɗa shi da kamun kifi?

AMSA: Ƙanena ka taɓa inda ke ciwo, kuma an riga an ga hakan da ido. Akwai wani irin balen a arewacin tekun Atlantika, gabashin Amurka da Kanada, wanda duk duniya ba su kai 400 ba. Duk girmansa abincinsa wani ɗan ƙwaron ruwa ne mai kitse da bai wuce ƙwayar shinkafa ba. Shekara da shekaru an san inda suke kiwo da bazara, wajen mashigin Fundy da tekun Maine, aka yi dokoki daidai da wuraren, har hanyar manyan jiragen ruwa aka kautar a Fundy a 2003 saboda su. Wajen 2010 ruwan yankin ya ɗumama, ƙwaron ya ragu, dabbobin suka bi cikinsu zuwa arewa, mashigin Saint Laurent, inda ba wata doka da ke jiransu kuma ga jiragen kaya ga igiyoyin masu kamun ƙaguwa. A 2017 kaɗai an samu gawa 17, 12 daga ciki a ruwan Kanada, waɗanda aka binciki gawarsu wasu jirgi ya buge wasu igiya ta sarƙe. A kakar haihuwa ta 2018 ko jariri ɗaya ba a gani ba. Sai da aka yi wannan asarar Kanada ta tilasta wa manyan jirage rage gudu zuwa wajen kilomita 18 a awa, ta kuma fara rufe wurin kamun kifi da zarar an hango dabbar.

To ka ga laifin bai tsaya ga kwamfuta ba, an koya mata duniyar jiya aka ce ta faɗi ta gobe. In lissafi ya haddace wuri kawai, wai "nan suke zuwa", ranar da abinci ya tashi ya zama banza. Wanda ya fi dama shi ne wanda ya kama dalilin zuwan, wato zafin ruwa da abincin, kuma ana sabunta shi kullum. A gaɓar Kaliforniya an yi irin wannan, sunansa EcoCast, kowace rana yana fitar wa masunta taswirar inda za su samu kifin da suke nema ba tare da ragarsu ta kwaso kunkurun teku ko zakin teku ba, kuma masu binciken sun nuna a 2018 cewa wurin da za a rufe ta wannan hanyar zai iya zama ƙasa da na dokar dindindin sau 2 har zuwa sau 10. Ni a ganina nan ne amfanin abin yake, don dokar da ta ce wa masunci ya bar teku gaba ɗaya ba mai bin ta, amma in ka ce masa kauce wa nan sati biyu ga can ka je, zai saurare ka.

Batun kamun kifi kuwa, raga ita ce babbar mai kisa, ta fi mafarauta nesa ba kusa ba tun da aka dakatar da farautar balen ta kasuwanci a 1986. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne balen da dolfin sama da 300,000 ke mutuwa cikin kayan kamun kifi duk shekara, don numfashi suke da huhu, in raga ta riƙe su a ƙasa sun nutse ke nan. A Meziko akwai wata 'yar ƙarama dangin dolfin da ake kira vakita, saura kamar 10, ba ita ake nema ba wani kifi ne mai tsada amma raga ba ta tambayar suna. Shi ya sa ake ɗora taswira biyu, ta dabbobin da ta jiragen kamun kifi, inda suka haɗu nan ne haɗarin. Matsalar a yankinmu, manyan jirage ne ke ɗauke da na'urar da ke nuna inda suke, dubban kwalekwalen Senegal da Gana da Moritaniya ba sa fitowa a taswirar.

Kuma kar ka ɗauka labarin Turawa ne kawai. 'Yan'uwanmu da suka saba zuwa Kwatano sayen mota, a ruwan da ke gabansu balen masu doro kan zo haihuwa daga can kudu wajen watan Agusta zuwa Oktoba. A Ras Nuwadibu, kan iyakar Moritaniya da Yammacin Sahara, akwai wasu dabbobin ruwa masu shayarwa, karnukan teku, da ke haihuwa cikin kogunan dutse, a 1997 wata masifa ta kashe kusan kashi biyu cikin uku nasu cikin 'yan watanni, aka hana kafa raga a bakin kogunan aka sa masu gadi, yanzu sun haura 300.

TAMBAYA: Gaisuwa ga Malam. Ni basarke ne, kamun kifi na gada wajen mahaifina, muna zaune gefen kogi a Yamai. Lokacin da muke yara ana ganin ayu, yanzu sai labari. Jikana ne ya rubuto mini wannan. Masu kwamfutar za su iya gaya mana inda ya shiga?

AMSA: Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Gaskiyar magana ku ne za ku gaya wa kwamfuta kafin ta gaya muku. Ayu dangin waɗancan ne a wajen shayarwa da numfashi, irin namu yana zaune daga Senegal har Angola, cikin ruwan gishiri da na daɗi, kuma yana cikin dabbobin da aka fi ƙarancin bincike a kansu. Ruwan Isa jaja ne jirgin sama ba zai hango komai ba, shi kuma ayu ga kunya, hanci kawai yake ɗagowa ya shaƙi iska ya koma, in an matsa masa ma sai dare yake kiwo. Hanyar layi da na bayyana wa Malama ba ta aiki a nan.

Abin da lissafin ke buƙata kuna da shi a ka: gurbin da ba ya ƙafewa da rani, inda ciyawar burgu ke yin kauri, watan da kuke ganin ciyawar da ya tauna tana yawo bisa ruwa, da wurin da aka daina ganinsa da shekarar da aka daina. A Kamaru an yi manhajar salula mai suna Siren da masunta ke tura hoto da wurin da suka ga irin waɗannan dabbobin, kuma a tabkin Ossa na can an gwada ɗibar ruwa a kwalba a kai ɗakin gwaji a gano ko ayu ya ratsa wurin daga ɓurɓushin jikinsa. In aka haɗa wannan da ma'aunin hawa da saukar ruwa da hukumar kogin, wato ABN mai hedikwata a nan Yamai, ke tarawa, za a iya fitar da taswira mai ma'ana.

Inda ya shiga kuwa, dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Kun tuna 1985 da kogin ya tsaya cak a Yamai, dabbar da ke iya kai kilo 400 ba ta da wurin ɓuya a irin wannan ruwan, ga yashi da ke cike gurabe, ga burgu da ake yankewa a sayar wa masu kiwo ko a mai da wurin gonar shinkafa, ga ragar leda. Sai kuma kasuwar man ayu, wadda kowa ya san abin da ake cewa yana yi, ni dai ba zan tallata ba. Uwar tana ɗaukar ciki wajen shekara guda ta haifi ɗa ɗaya tak, sai bayan shekara biyu ko fiye ta sake, don haka ko 'yan kaɗan aka kashe a shekara gurbin ba ya cikewa. Dokar farauta ta 1998 ta sa shi cikin dabbobin da aka hana taɓawa kwata-kwata a Nijar, kuma tun 2013 an hana cinikinsa tsakanin ƙasashe. Dam ɗin Kandaji ma in ya kammala zai canja hawa da saukar ruwan, ya kamata a san inda ayu yake tun kafin nan.

Shawarata Baba, ku sa jikan nan ya sami kaye guda, duk wanda ya ga ayu ko alamarsa a rubuta rana da wuri da yadda ruwa yake, ranar da aka fita ba a ga komai ba ita ma a rubuta. In ya faɗa raga da rai kuma a kira ma'aikatan gandun daji kafin mahauta su ji labari.