Amsa ga mai son sayen amfilifayar CB ta hannu

Salamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da hanya. Wanda yake kan sitiyari ya bari sai ya faka kafin ya saurara, don maganar da ɗan tsawo.

Ƙanena da ya turo hoto jiya da dare, ya ce a wajen kwanan manyan motoci wani ya yi masa tallar amfilifayar CB ta hannu, wato na'urar ƙara ƙarfin rediyon da direbobi ke magana da juna da shi a hanya, an rubuta wat 300 a jikinta, yana tambaya ko ya saya, in kuma ya saya yaya ake ɗaura ta a mota. To ga amsarka.

Ka fara sanin inda kake tsaye. A nan Amurka hukumar sadarwa ta FCC ta ƙayyade wa rediyon CB wat 4 a AM da FM, wat 12 a SSB, wanda shi ma wani salon aika murya ne kamar su, kuma ta hana a haɗa masa amfilifaya kowace iri ce, ƙarama ko babba. In aka kama mutum, tara ce. Shi ya sa za ka ga yawancinsu an rubuta musu "10 meter", wai na masu lasisin rediyon sha'awa ne. Wanda yake son ƙarfi da izini, wannan lasisin zai nema. Ko matakin farko ya ba shi damar magana da SSB tsakanin 28.3 da 28.5 MHz, har wat 200, amma fa ba a tashoshin CB ba. In kuma motar ta kamfani ce, kada ka taɓa musu waya sai ka tambaya.

Sai kuma abin da za ta ƙara maka. Daga wat 4 zuwa wat 100 ninki ashirin da biyar ne a takarda, amma a mitar ƙarfin sigina ta wanda ke sauraronka bai wuce hawa biyu da ɗan ɗoriya ba. Kuma baki kawai take ƙara maka, ba ta ƙara kunne. Za a ji ka daga nesa, kai kuma ba za ka ji amsar mai wat 4 ba. Maɓallin nan da ake cewa yana ƙara ji, da muryar da shuuu ɗin duka yake ɗagawa tare. Ni a ganina, in eriyarka ba ta zauna daidai ba, kuɗin nan eriya ya kamata su tafi.

To in ka ce sai ka saya, kada ka ba da ko sisi sai an buɗe murfin a gabanka. Sukuru huɗu ne ko shida, ba wani aiki ba ne. Ka fara kai hanci. Abin da ya taɓa ƙonewa ƙaurinsa ba ya fita ko bayan shekara. Ka dubi allon cikin, musamman kewayen manyan taransistocin nan farare masu kama da ƙwayar magani, waɗanda aka ɗaure da sukuru a jikin alminiyam. In allon ya yi ruwan ƙasa a wajen, ko ka ga dalma sabuwa tana ƙyalli a ƙafafun guda ɗaya alhali ta ɗayan ta dushe, to an canja ɗaya an bar ɗaya. Su kuwa biyu-biyu suke aiki, kamar shanun huɗa. In ba su yi daidai ba, ɗaya zai ɗauki nauyin ɗan uwansa har ya mutu. Ka karanta lambar da ke kansu. Wadda ta fi suna ita ce 2SC2879 ta Toshiba, kuma Toshiba ta daɗe da daina yin ta, saboda haka jabu sun cika kasuwa. Kowace ɗaya wat 100 aka yi ta ta bayar. Ka ƙirga da kanka: in guda biyu ne a ciki, wat 200 ke nan a ƙololuwa. In guda ɗaya ka gani an rubuta 300 a murfi, mai fentin ne ya rubuta, ba taransistar ba.

Bayan ido sai gwaji. Ana bukatar mitar wat da kuma abin nan da ake ɗaurawa a madadin eriya, mai om 50, wanda ke shanye ƙarfin ya mai da shi zafi. Shagunan gyaran CB da ke wasu manyan tashoshin mai suna da su. A kunna, a danna makirufo. Ya kamata ka ji rile, wato makunnin cikinta da ke sauyawa da kansa tsakanin magana da saurare, ya yi ƙas nan take, in ka saki ya sake yin ƙas. A kashe amfilifayar a sake dannawa: wat ɗin rediyonka ya wuce ta cikinta ya fito kusan yadda ya shiga, kuma jin tashoshi kada ya ragu. In ya ragu, bakin rilen ya ci wuta. Mai kaya ya ce a'a, ba sai an gwada ba, shi ya san kayansa, ka yi masa godiya ka koma motarka.

Af, ka tambaya kuma ko tana da maɓallin SSB. Masu arha da yawa an yi su ne don AM da FM kawai, in ka sa musu SSB muryarka za ta riƙa fita a yayyage, rilen kuma yana ta kaɗawa tsakanin kalma da kalma.

Yanzu ɗaurawa. Eriya ce farko, amfilifaya tana cikin kwali tukuna. Ka sa mitar SWR ta waje, wato mai auna yawan ƙarfin da ke dawowa daga eriya maimakon ya fita, ka fita fili nesa da gini da sauran tireloli, ƙofofi a rufe. Ka auna a tasha ta 1 da ta 40. In lambar ta fi yawa a 40, eriyar ta yi tsawo, ka rage ta kaɗan-kaɗan, kamar faɗin farce kowane karo. In ta fi yawa a 1, ta yi gajarta. Abin da ake nema 1.5 ko ƙasa. Rediyo shi kaɗai zai jure 2, amma da amfilifaya ƙarfin da ke dawowa baya ya ninka, kuma kan taransistocin nan yake sauka. In ka ga 3 a duk tashoshi, ba tsawo ba ne matsalar, at ne babu, wato eriyar ba ta haɗu da ƙarfen jikin mota ba, ko kebul ya lalace. Wannan ya fi damun masu sabbin tireloli, don kan motar yawanci ba ƙarfe ba ne, maƙalin madubin kuma bai haɗu da shasi sosai ba. Maganinsa faffaɗar wayar tagulla saƙaƙƙiya, gajeriya, daga maƙalin eriya zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa jikin mota, a kankare fenti har ƙarfe ya fito. Ka kuma duba wat nawa eriyar kanta take ɗauka, don ƙananan nan masu maganaɗisu naɗin wayar cikinsu yana narkewa.

Wuta. Nan ne mutane suka fi yin ganganci. Lissafin mai sauƙi ne: kusan rabin abin da ta ja daga batir zafi yake zama. Wat 100 a eriya na nufin kamar wat 200 daga batir, ka raba da bolt 13.8, ka samu amfiya 15 ke nan. Mai taransista biyu za ta iya jan 30. Ramin kunna sigari fis ɗinsa 10 ne ko 15, wayarsa kuma siririya, don haka ka manta da shi. Jar waya daga kan batir kai tsaye za ta taso, mai kauri lamba 10 in tafiyar gajeriya ce, lamba 8 da ta fi kauri in ta wuce ƙafa goma, kuma tagulla zalla, ba alminiyam da aka shafa wa ruwan tagulla ba. Ka kankare bakinta da wuƙa, in ciki fari ne ka ajiye ta. Fis ɗin ya zauna kusa da batir, kada ya wuce inci 18. Wanda ke jikin amfilifayar ita yake karewa. Na wajen batir shi ke hana motar kamawa da wuta ranar da wayar ta goge a jikin ƙarfe. Duk inda waya za ta ratsa ƙarfe a sa mata zoben roba. Baƙar waya kaurinta ɗaya da jar, a ɗaure ta a shasi da noti, gajeriya. A ƙananan motoci na yanzu akwai wata 'yar na'ura a kan baƙin kan batir mai auna caji, to kada ka ɗaura a kan batir ɗin, ka ɗaura inda wayarsa ta sauka a jikin mota.

'Yan uwa da ke sauraro daga gida ko Turai, ku lura: tirelolin Amurka bolt 12 ne, amma DAF da MAN da Howo bolt 24 ne. Ka haɗa ta bolt 12 a kansu, hayaƙi ɗaya za ta yi.

Jerin haɗin shi ne rediyo, gajeren kebul mai om 50, RG-8X ko RG-58, zuwa ramin shiga na amfilifaya, sannan daga ramin da aka rubuta ANT zuwa mita, zuwa eriya. Ka karanta rubutun sau biyu, ramukan kamarsu ɗaya, kuma juya su yana kashe kaya. Mitar SWR da ke jikin rediyo ba ta ganin eriya in amfilifaya tana kunne, ƙofar amfilifayar kawai take gani, shi ya sa ta waje take zama a bayanta. In da hali a sa matatar da ke tare duk siginar da ta haura 30 MHz, don waɗannan akwatunan suna zubar da datti a 54 da 81 da 108, har zuwa 135 inda jiragen sama ke magana. Wajen ajiye ta kuma ya zama iska na ratsawa, haƙarƙarin alminiyam ɗin a sama, ba ƙarƙashin katifa ko cikin tarin riguna ba.

Abu na ƙarshe da ke kashe su shi ne ɗura, wato rediyo ya tura musu ƙarfin da ya fi ƙarfinsu. In ka danna makirufo ba ka yi magana ba, rediyo yana fitar da wat 4. Ga yawancin ƙananan amfilifayoyi wannan ya yi yawa. Wat 1 zuwa 2 suke so. In rediyonka yana da maɓallin rage ƙarfi ka rage, in babu mai gyara ya rage maka daga ciki. A AM, abin da mita ta nuna kana shiru ya zama kashi ɗaya cikin huɗu na abin da take kaiwa kana magana. Mai kai 200, shirunta kada ya wuce 50. In kana magana allura tana komawa baya maimakon gaba, ko dai ɗurar ta yi yawa ko wayar wuta ta yi siriri.

Gwajin farko inji na aiki, mota a tsaye. Ka danna na daƙiƙa biyar ka dubi dashbod. In fitilar ABS ta birki ta kama, ko waifa ta motsa da kanta, ko na'urar lissafin awannin tuƙi ta ɗauke, ko makirufo ya ɗan cije ka a leɓe, siginar tana yawo cikin mota ne. Ka kashe, ka koma kan at ɗin eriya, ka raba kebul ɗinta da wayoyin mota, ka maƙala zoben ferait mai tare sigina a wayar makirufo da ta wuta.

Ƙanena, ka turo hoton cikinta da murfi a buɗe, lambar taransistocin ta fito sosai, da abin da SWR ɗinka ya nuna a 1 da 40. Allah ya kiyaye hanya.