Shin siririyar wayar nan za ta iya gano cutar kansa (ciwon daji) a cikin tsoka?

Tambaya: Likita, an yanki tsoka daga ƙarin da ke nonon mahaifiyata, mun shafe makonni muna jiran sakamako. Na ji ana cewa akwai wata waya da ta fi gashi siranta, mai gano kansa nan take. Gaskiya ne?

Amsa: Allah Ya ba Mama lafiya, 'yar'uwa. Wayar kam akwai ta, nanowaya ake ce mata, kuma galibi da silikon ake yin ta. Kaurinta ba ya wuce nanomita 20 zuwa 100, alhali silin gashi ɗaya ya kai nanomita dubu 80 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita).

Ana manna mata sinadaran garkuwar jiki, kowanne da furotin ɗin da yake kamawa, kamar makulli da ɗansa. Ƙwayoyin kansa sukan fitar da wasu furotin fiye da kima, kuma furotin na ɗauke da cajin lantarki. Da zarar ya maƙale, ƙarfin wutar da ke ratsa wayar sai ya canza, kwamfuta ta nuna. Saboda tsananin sirantarta ne ɗan kaɗan ma yake girgiza ta. Rukunin Charles Lieber na Jami'ar Harvard a Amurka ya nuna wannan dabara a 2001, a 2005 kuma suka gano furotin masu nuna alamar kansa irin su PSA da CEA a ruwan jini.

Babban cikas shi ne gishiri. Ruwan jikin mutum cike yake da shi, kuma yana lulluɓe cajin furotin har wayar ba ta jin abin da ya nisance ta da nanomita ɗaya. Tsokar ƙari ta fi wuya, domin sai an niƙa ta, an tace, an rage gishirin, sannan dubban furotin da ba ruwansu su ma suna manne wa wayar.

Akwai kuma abin da ke damuna: in aka niƙa tsoka, siffarta ta ɓace. Likitan da ke duba tsokar da madubin ƙara girma yana ganin irin ƙwayoyin da yadda suka kutsa cikin naman da ke kewaye, sannan ya gwada wasu furotin da ke ƙwayoyin ƙarin, wato HER2 da masu karɓar sinadarin hormon, waɗanda da su ake zaɓar magani.

Don haka har yanzu na'urar tana ɗakin bincike, ba a yanke hukuncin jinya da ita. Ki koma asibitin da lambar samfurin, ki tambayi inda aka aika shi da ranar da zai fito, kada ki ji nauyin matsa musu.