Malamina ya soke amsata: ashe ba 'yan kasuwa ne ke kawo tsada ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Dakta. Ni ɗaliba ce daga Gadarif, ina shekarar farko a fannin tattalin arziki. A gwajin da muka yi an tambaye mu abin da ke haddasa hauhawar farashi a Sudan. Na rubuta cewa zarin 'yan kasuwa ne da ɓoye kaya, kuma maganin shi ne hukuma ta ƙayyade farashi. Malaminmu ya ja jan biro a kai, ya rubuta "juz'i ko kulli?" kawai. Jarrabawar ƙarshe ta matso, hankalina a tashe yake. Abin da ya fi damuna, babana dawa yake sayarwa, kuma abin da na rubuta shi ne abin da maƙwabta ke jifansa da shi. Ina tsoron faɗuwa, ina kuma tsoron ko haram muke ci.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata. Kwantar da hankalinki, wannan abu ne mai gyaruwa kafin jarrabawa. Malaminku ya yi gaskiya, sai dai ya yi rowar bayani. An yi miki tambaya ta kulli, wato ta tattalin arzikin ƙasa baki ɗaya, ke kuma kika ba da amsa ta juz'i, wadda ke duba kasuwa guda. Tashin farashin dawa bana saboda damina ba ta yi kyau ba, ko an tare hanya, batun buƙata da wadata ne a kasuwa ɗaya. Amma dawa da sukari da haya da kuɗin mota da ladan aski su riƙa hawa tare, wata bayan wata, shekara bayan shekara, wannan kuɗin ne da kansa ke lalacewa.

Yanzu bari in tsaya kan maganar zari, don ta ishe ni. Ina jin ta a aji, ina jin ta a wurin ɗaurin aure, ina jin ta daga masanan WhatsApp da ba su taɓa buɗe kasafin kuɗin gwamnati ba amma kullum suna da saƙon murya na minti goma. Mafi muni, ina jin ta daga bakin jami'an da suka san gaskiya. An bar jaki ana dukan taiki.

Ki yi wa kanki tambaya ɗaya. A watan Yulin 2021 hauhawar farashi a Sudan ta haura kashi 400 cikin ɗari. A shekarun man fetur, kafin 2011, ba ta kusanci haka ba ko kaɗan. Shin 'yan kasuwar wancan lokaci waliyyai ne, sai daga baya zuciyarsu ta mutu? Mutanen nan dai su ne, a rumfunan nan dai. Son riba bai ƙaru ba, bai ragu ba. Abin da bai canza ba ba ya iya bayyana abin da ya canza. Ki duba kuma 'yan'uwanmu da ke Jidda da Makka. Ɗan kasuwar can bai fi na Gadarif tsoron Allah ba, amma tun 1986 dala ɗaya riyal 3.75 take, kuma mai gyaran gida ya san abin da albashinsa zai saya a wata mai zuwa.

To me ya canza a wurinmu? A watan Yulin 2011 Sudan ta Kudu ta ɓalle, ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man da ake haƙowa. Dalar da ke shigowa ta ragu, kuɗin shigar gwamnati ya ragu, amma kashe-kashen kuɗi bai ragu ba: ga albashi, ga tsaro, ga tallafin fetur da fulawa. Giɓin da ya rage Babban Banki ne ya riƙa cikewa da sabon kuɗi. Har zinariya ya riƙa saye a kan farashin kasuwar bayan fage da fam ɗin Sudan da ya ƙirƙiro. Kin san lissafin nan na masanin tattalin arziki Irving Fisher, MV = PY: M yawan kuɗi, V saurin zagayawarsu daga hannu zuwa hannu, P farashi, Y kayan da ake samarwa. M ta yi ta kumbura, Y ba ta bi ta ba, dole P ta ɗauki nauyin. A watan Fabrairun 2021 da aka saki farashin dala na hukuma daga fam 55 zuwa kusan 375, mutane suka ce ranar aka karya fam. Ya daɗe da karyewa a kasuwa, takarda ce kawai ta makara wajen amsawa. Sannan yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya zo ya sari Y ɗin kanta: masana'antun Bahri da ke Khartoum suka tsaya, noman jihar Jazira ya tagayyara, hanyoyi suka yanke. Kuɗi na ƙaruwa, kaya na raguwa.

Ki zauna a rumfar babanki yini guda ki lura. A ɗauka, don misali kawai, ya sayi buhu a kan dubu 50, ya sayar dubu 55. A littafi ya ci ribar dubu 5. Ya koma wurin manomi sai ya tarar buhu ya zama dubu 60. Jiya yana da buhu, yau kuɗin hannunsa ba su isa buhu ba. Ya ci riba a takarda, ya cinye jarinsa a zahiri. Shi ya sa yake sa farashi da abin da zai sayo gobe, ba da abin da ya sayo jiya ba, maƙwabta kuma su ce ai tsohon kaya ne. Ita maƙwabciyar da ke zaginsa, da albashin mijinta ya faɗo a Bankak, manhajar banki ta waya, da gudu take zuwa ta sayi sukari da mai na wata guda, don ta san fam ba ya kwana lafiya. Abin da take yi da abin da yake yi ɗaya ne, kowa na gudun riƙe kuɗi. A lissafinki wannan ita ce V tana ƙaruwa. Yawancin ɓoye kayan da kike gani ɗan hauhawar farashi ne, ba ubanta ba.

Kada ki ce na wanke kowa. Akwai ɓoye kaya na zalunci. Gari ya shiga ƙawanya, mutum uku ne ke da rumbu, su haɗa baki su rufe har yara su galabaita: wannan babakere ne, kina da shi a babin kasuwar da mutum ɗaya ko 'yan kaɗan suka mamaye, kuma hadisi ya tabbata cewa mai zunubi ne kawai ke yin sa. Amma ko shi, farashi yake ɗagawa zuwa wani mataki ya tsaya. Ba ya ninka shi kowace shekara a duk faɗin ƙasa. Wannan bambancin tsakanin tsalle ɗaya da hawa mai ɗorewa yana fitowa a jarrabawa. Da Saudiyya ta ɗaga harajin kayan masarufi daga kashi 5 zuwa 15 a Yulin 2020, hauhawar farashi ta kai kusan kashi 6, bayan shekara guda ta faɗo ƙasa da kashi 1. Kaya ba su yi araha ba, hawan ne ya tsaya, don ba a biyo shi da injin buga kuɗi ba.

Ƙayyade farashi kuwa, ai mun gwada, kuma kin tsaya a layinsa kina ƙarama. Farashin da aka danne ƙasa da inda buƙata da wadata suka haɗu yana sa masu nema su yi yawa, masu kawowa su janye. Burodin tallafi ya riƙa ƙanƙancewa, mutane na layi tun kafin asuba, motoci na kwana a gidan mai, fetur ɗin kuma na tsallake iyaka zuwa inda ya fi tsada. An biya farashin, sai dai da lokaci da cin hanci aka biya. Tallafin kansa da kuɗin da ake bugawa aka riƙa ɗaukarsa, wato maganin na ciyar da cutar. Da ya gagara, aka ninka burodi daga fam 1 zuwa 3, zanga-zanga ta tashi a garin Atbara a Disamban 2018, sauran labarin kin san shi. Duk da haka za ki ji wani jami'i ya kafa kwamiti, a liƙa takardar farashi a ƙofar kasuwa, a kama masu rumfa biyu a ɗauki hoto. Washegari kayan su koma bayan shago. Masu son su sa wa wannan rigar addini su tuna cewa an roƙi Annabi (SAW) ya ƙayyade farashi a Madina lokacin tsada, bai yi ba. Malaman fiƙihu da suka halatta shi daga baya sun ɗaure shi da sharuɗɗa, ba su ce a tilasta wa mutum ya sayar a faɗuwa ba. Idan babanki na cika mudu, ba ya gauraya hatsi da ƙasa, ba ya haɗa baki a rufe rumbu, ban ga abin da za ki sunkuyar da kai a kansa ba. Bayanin hukuncin dalla-dalla kuma ku kai wa malamin fiƙihu.

A ranar jarrabawa, ki fara da raba tashin farashin kaya ɗaya da hauhawar farashi. Ki kawo ɓangaren buƙata, wato giɓin kasafi da buga kuɗi, sai ɓangaren tsadar samarwa, wato faɗuwar fam da yaƙi, sannan tsammanin mutane da ke ƙara wa wutar iska. Ki zana jimillar buƙata ta matsa dama, jimillar wadata ta matsa hagu. Zanen ƙayyade farashi ki ajiye shi daban, da layinsa a ƙarƙashin mahaɗa da giɓin ƙarancin kaya a fili. Kuma don Allah ki rubuta sunan kowane layi, don ɗalibai da yawa a nan suke zubar da maki.