Amsa kan kalmar "ridership" da aka tambaya a gurup

Assalamu alaikum jama'a. Malam, na ji tambayarka ta jiya da daddare, ka ce ka ga kalmar "ridership" a labarin jirgin ƙasan Legas, kana so ka san me za a ce da Hausa. Yi haƙuri, murya zan yi, hannuna ba ya sake.

To, a taƙaice dai yawan fasinjoji ne. Amma akwai wani ɗan tarko a ciki, shi ya sa ni na fi son a ce "yawan hawa". Don su masu lissafin nan galibi hawa suke ƙirgawa, ba kawunan mutane ba. Ka ɗauki jirgin ƙasan nan na Legas mai suna Blue Line da ya fara ɗaukar fasinja a watan Satumba na 2023, daga Marina zuwa Mile 2. Mutum ɗaya ya hau da safe ya tafi kasuwa, ya dawo da yamma, sau biyu ya biya kuɗin hawa da katinsa na Cowry, wato katin biyan kuɗin jirgi da bas na Legas. A littafinsu biyu ne. Idan kuma ya sauka ya shiga BRT, wato manyan bas ɗin nan na Legas masu hanyarsu daban, an ƙara masa ɗaya. Ka ga mutum ɗaya ya zama uku ke nan, alhali shi kaɗai ne da ledarsa.

Saboda haka in ka ji an ce miliyan kaza a shekara, kar ka ce "mutum miliyan kaza sun hau". Nan ne 'yan fassara suke yawan zamewa, har a rediyo ina ji. Ka ce "an hau sau miliyan kaza", ya fi gaskiya.

Kuma kar a haɗa shi da sawu. Direban Kano zuwa Zariya in ya ce yau ya yi sawu uku, motar ya ƙirga. Ko ta cika lodi ko rabi ta tashi, sawu sawu ne. Ɗan kamasho kuwa, shi kujera yake ƙirgawa, to shi ya fi kusa da ma'anar.

Amfaninsa? Da shi hukuma take gane layin da ke buƙatar ƙarin motoci da wanda ake ƙona mai a banza, da lokacin da cunkoso ya fi yawa. Kalmar ta jirgi da bas ce, ba a faye faɗinta kan motar gida ba.

Bari in tsaya, ga adaidaita ta zo. Sai anjima.