Gidajen Masu Sassaƙa Gogen Turawa na Birnin Kiremona

Tambaya: Malam, na ji an sayar da wani tsohon gogen Turawa na ƙasar Italiya a kan miliyoyin fam. Shin gaskiya ne sirrinsa yana cikin man sheƙin da aka shafa masa? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Malama, labarin da kika ji gaskiya ne, domin a 2011 an yi gwanjon wani goge mai suna Lady Blunt, wanda Antonio Stradivari, masassaƙin birnin Kiremona na ƙasar Italiya, ya sassaƙa a 1721, a kan fam miliyan 9.8. Sai dai ni a ganina darajarsa ta fi ta'allaƙa da hannu da gadon sana'a fiye da man shafawa.

Irin wannan goge mai tsirkiya huɗu ya samu siffarsa ta yau a birnin Kiremona, a gidan Andrea Amati, wanda har fadar Sarki Charles na 9 na Faransa ta yi odar kayansa. Sana'ar ta zauna a cikin gida daga uba zuwa ɗa, har annobar 1630 ta kashe Girolamo Amati, ta bar ɗansa Nicolò shi kaɗai da aikin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Dole ta sa ya buɗe ƙofa ga almajirai daga waje, cikinsu har da Andrea Guarneri, kakan Giuseppe Guarneri wanda a 1743 ya ƙera gogen da shahararren makaɗi Paganini ya yi suna da shi daga baya, kuma gogen yana nan ajiye a birnin Jenowa na Italiya.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suke aikin. Fuskar gogen daga itace mara nauyi na tsaunukan Alps ake fafe ta, bayan kuma daga itace mai tauri, sannan masassaƙi ya riƙa kankare allon kaɗan-kaɗan, yana lanƙwasa shi da yatsu, yana ƙwanƙwasawa yana saurare, har kaurinsa ya koma kamar milimita 3. A ciki kuma akwai wani ɗan siririn sanda da ake tokarawa tsakanin fuska da baya ba tare da gam ba, wanda Italiyawa ke kira rai, domin gusar da shi ko da ƙanƙani yana sauya muryar gogen.

Ƙaranci ma yana cikin dalilan tsadar. Stradivari ya rasu a 1737, kuma kayan kiɗansa da suka rage a duniya ba su wuce kimanin 650 ba.