Tambayi Likita: Feshin gona, saran adda da haƙƙin lebura

Tun da ruwa ya sauka saƙonnin da ke shigo mini suka sauya kama. Samarinmu na Aboabo, Sawaba da Asawase sun watsu gonakin Offinso, Akumadan, Tepa da Goaso, wasu har Sefwi, iyayensu kuma na nan Kumasi hankali a tashe. Na zaɓi guda biyar daga cikin tambayoyin. Wasu sun taɓo shari'a, ni kuwa likita ne ba lauya ba, amma takardar da lauya zai riƙe a hannuna ake rubuta ta, don haka zan faɗi abin da na sani.

Likita, ina aikin baidei, wato leburancin da ake biya kullum, a gonar tumatir a Akumadan. Duk ranar da na yi feshi sai kaina ya yi ta sara, yawu ya cika mini baki, idona ya riƙa gani dishi-dishi. Abokan aiki sun ce in sha manja cokali biyu ko madarar gwangwani zai wanke. Gaskiya ne? (Wani matashi daga Aboabo)

Ƙanina, manja na miya ne. Ba ya wanke guba, madara ma haka.

Abin da ka lissafa alamun guba ne na wani rukunin maganin ƙwari da ake kira oganofosfet, irin su kulofirifos. Mutanenmu kowane maganin ƙwari DDT suke ce masa, amma ba ɗaya ba ne. Wannan rukunin yana toshe wani sinadari a jiki wanda aikinsa kashe saƙon jijiya bayan ya isar. Idan aka toshe shi sai jiki ya zama kamar famfon da kansa ya lalace: yawu, hawaye, gumi, majina, amai, zawo, duk su ɓalle a lokaci ɗaya. Ƙwayar ido ta tsuke kamar tsinin allura. Idan ya yi yawa ruwa ya cika huhu, mutum ya nutse alhali yana kan tudu.

Akwai yaron da aka kawo mana wata azahar a bayan aboboya, babur ɗin nan mai ƙafa uku na ɗaukar kaya. Kafin in ga fuskarsa na ji warin rigarsa. Tankin da yake goyawa yana yoyo ta murfi, tun safe maganin ke bin gadon bayansa yana cakuɗuwa da gumi. Da ya faɗi, abokansa suka ɗura masa manja yana magagi, rabi ya bi ta hanyar iska. Gubar mun shawo kanta da allurar atirofin, amma manjan da ya shiga huhu shi ya ƙara masa kwanaki a gado. Ka lura, ko ɗigo bai sha na maganin ba. Ta fata ya shige shi, kuma ta nan yake shigar yawancin masu feshi.

Lokacin da ya fi hatsari shi ne na haɗawa, don maganin yana da kauri ba a sirka ba. Kada ka dama da hannu. Idan bakin bututun ya toshe kada ka busa da bakinka, sa tsinke. Yi feshi da sassafe ko da la'asar, iska na bayanka. Kada ka ci goro ko ka kunna taba sai ka wanke hannu da sabulu. Kana gamawa ka yi wanka, kayan feshin kuma a wanke su daban da na iyali.

Idan wani ya faɗi a gona, a janye shi daga wurin, a tuɓe masa kayan, a wanke jikinsa da ruwa da sabulu. Idan ido ne a yi ta kwarara ruwa kamar minti 15. Kada a sa shi amai, kada a ɗura masa komai. A kwantar da shi a gefensa, a kira 112 ko a nufi asibiti mafi kusa, a taho da kwalbar maganin. Kwalbar nan tana rage mana lalube, domin maganin gubar ƙwari daban, ta ciyawa daban. Farakwat, mai ƙone ciyawa, kurɓa ɗaya na iya kisa, ba shi da makari, kuma mutum kan yi kamar ya warware sai bayan kwanaki huhu ya ƙi. Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ga an tsiyaya shi a robar ruwa ko kwalbar lemo an ajiye a bukka.

Safar hannu, takunkumi, tabarau da dogon takalmin roba kuwa ba alfarma ba ce mai gona zai yi maka. Dokar Ƙwadago ta 2003, Act 651, sashe na 118, ta ɗora masa samar da su ba tare da an cire ko sisi a kuɗinka ba. Sashe na 119 ya ba ka damar janye jikinka daga aikin da ke barazana ga ranka nan take, ka sanar da shugaban aiki, kuma ba a yarda a kore ka ko a riƙe kuɗinka saboda haka ba. Gana ta kuma amince da yarjejeniya ta 184 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kan lafiyar ma'aikatan gona a 2011. Na san abin da za ka ce: ka buɗe baki, mutum goma na tsaye suna jiran tankin. Gaskiyarka. To kada ka je kai kaɗai, ku haɗa baki ku biyar ko shida. Akwai kuma ƙungiyar ma'aikatan gona ta GAWU, ƙarƙashin TUC, uwar ƙungiyoyin ƙwadago ta Gana, wadda ke wannan fafutuka tun 1959.

Kai kuma ka dakata da feshi, ka je a duba ka makon nan.

Likita, ɗana ya yi wata takwas a wata babbar gonar kwakwar manja, ma'aikata sun fi talatin. Adda ta datse masa yatsu biyu a bakin aiki. Manaja ya ba shi ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ya ce ya je gida ya huta. Yau sati uku ba wanda ya leƙo mu. Mun bar wa Allah, amma hannun na wari. (Wata Hajiya daga Asawase)

Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Hannun da ke wari ba ya jiran gobe. Yau ɗin nan ku kai shi asibiti, in da hali Komfo Anokye, inda akwai likitocin ƙashi da na gyaran hannu. Ki tabbatar an yi masa allurar tetanos, ciwon nan mai sarƙe muƙamuƙi. Ƙwayarsa a ƙasa da kashin dabbobi take zaune, kuma takan ɗauki kwana 3 zuwa 21 kafin ta bayyana. In an sa toka, baƙin mai ko ganyen ciyawar Acampon a ciwon, a faɗa wa likita, ba faɗa za a yi muku ba. Ga masu karatu: yatsan da ya fita a naɗe shi a tsumma mai tsabta mai ɗan damshi, a sa a leda a ɗaure, a sa ledar cikin ruwan ƙanƙara, a ruga asibiti. Kada ya taɓa ƙanƙarar kai tsaye.

Barin wa Allah daidai ne, amma bai hana neman haƙƙi ba. Dokar diyyar ma'aikata ta 1987, PNDCL 187, ta ce raunin da aka ji a bakin aiki mai aikin ne zai biya kuɗin maganinsa, ya kuma biya diyyar naƙasa. Naƙasar da ta hana aiki gaba ɗaya har abada, albashin wata 96 ne. In rai aka rasa, magadan da ke dogaro da mamacin suna da albashin wata 60. Yatsu kuwa kaso ne daga cikin wancan, likita ke auna kason ya rubuta, jami'in Sashen Ƙwadago ya yi lissafin kuɗin. Ƙaramin manomi mai lebura ɗaya ko biyu lissafinsa daban ne, amma gona mai mutum talatin ba ta da mafaka. Ya kamata ma su kai rahoton hatsarin cikin kwana 7, kamar yadda sashe na 120 na Dokar Ƙwadago ya tanada. Kuma wanda aka ɗauka na wucin gadi ya yi wata shida a jere wurin mutum ɗaya, doka na kallonsa a matsayin ma'aikacin dindindin.

Ga inda mutanenmu ke faɗuwa. Yaro ya zo gabana, in tambaye shi yaya aka yi, ya ce "adda ce kawai." Ba sunan gona, ba rana, don an ja masa kunne ko yana jin nauyin maigida. Ni kuma abin da aka faɗa mini shi zan rubuta. Bayan wata huɗu a zo neman rahoto, a tarar fayil bai ambaci aiki ba sam. Don haka ya faɗi ranar, da wurin, da aikin da yake yi, ya ce a rubuta. Ki adana kowane rasit, ki ɗauki hoton hannun, ki riƙe lambobin waɗanda abin ya faru a gabansu. In ta MoMo, wato kuɗin waya, ake biyansa, kada ya goge saƙonnin, su ne shaidar wata takwas ɗin nan. Kada ya dangwala yatsa a wata takarda sai wani naku ya karanta masa. Ku je ofishin Sashen Ƙwadago da wuri, domin wa'adin wata shida ne daga ranar hatsarin. In aka yi muku taurin kai akwai Hukumar Ƙwadago ta Ƙasa, akwai kuma Hukumar Tallafin Shari'a ga wanda ba shi da kuɗin lauya.

Wana yana abusa, wato noman da ake raba amfani kashi uku da mai gona, a gonar koko a Sefwi. Maciji ya sari maƙwabcinsa, aka ɗaure ƙafar da roba, aka tsaga, aka sa baƙin dutse. Ya rayu amma an yanke ƙafar. Me ya kamata a yi?

Duk ukun nan a bar su. Ɗaurin roba yana kashe ƙafa, tsagawa na ƙara zubar jini, dutse ba ya zuƙe dafin da ya riga ya shiga. A cire zobe, agogo da takalmi kafin kumburi. A ɗaura wa ƙafar sanda kamar ta karaya don kada ta motsa, a ɗauki mutumin, kada ya taka. Kada a ɓata lokaci wurin farautar macijin. In za a ba shi maganin zafi, farasitamol kaɗai, ban da asfirin da diklofenak.

A daji irin na Sefwi an fi gamuwa da dangin kasa da kumurci, a arewa kuwa kububuwa ce ke ɓarna, wadda dafinta ke hana jini daskarewa. Muna da gwaji mai sauƙi: a zuba jini a kwalba mai tsabta, a jira minti 20, in bai daskare ba a sa makarin dafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce saran maciji na kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 a shekara. Wan naka ya tambayi asibitin gundumarsu tun yanzu ko suna ajiye makarin, ya sayi dogon takalmi da tocila, ya sabunta katin inshorar lafiya na NHIS ta lambar waya *929#. Wannan na ƙarshen ya fi muhimmanci gare shi, domin sashen dokar da ke kare 'yan baidei bai haɗa da masu abusa da masu abunu, wato raba biyu, ba.

Ina shan taramol da lemon ƙara kuzari kafin in shiga sharar gona. Kwanan nan fitsarina ya koma kamar shayi.

Ɗan'uwa, ƙodarka ce ke kuka. Taramol maganin kashe zafin ciwo ne, ba ya ƙara ƙarfi, toshe maka kunne yake daga jin gajiya, sai ka wuce iyakar jikinka cikin rana ba ruwa. Naman jiki na iya narkewa ya rina fitsari, ya toshe ƙoda. Ka je a gwada jini da fitsari yau ko gobe, ka bar aiki sai an ga sakamako. In ka daɗe kana sha kada ka yanke rana ɗaya, a rage maka a hankali a asibiti, kuma ka sani yawansa na kawo farfaɗiya. Nan gaba ka riƙa kurɓar ruwa kofi ɗaya duk bayan minti 15 zuwa 20 in rana ta take, ka nemi inuwa tsakanin azahar da la'asar.

Ina da ciki wata huɗu, ina tsinkar barkono a gonar wani. Ɗana mai shekara 14 ne ke ɗebo wa masu feshi ruwa, wani lokaci su ba shi tankin. Jarkokin da suka ƙare muna wankewa mu zuba ruwan sha.

'Yar'uwa, fara da jarkokin: yau ki fitar da su daga gida. Roba na riƙe magani, wanki ba ya fitar da shi duka. A ɗauraye su sau uku a gona, a huda su don kada wani ya tsinta.

Ke kuma kada ki haɗa magani, kada ki wanke kayan masu feshi, kada ki shiga gonar da aka fesa sai lokacin da aka rubuta a jikin kwalbar ya cika. Ki gaya wa ungozoma a wurin awo irin aikin da kike yi, ta rubuta a katinki.

Yaron kuwa a sauke masa tankin nan. Dokar Yara ta 1998, Act 560, ta yarda da aiki mara nauyi daga shekara 13, ɗaukar aiki daga 15, aiki mai hatsari sai 18, kuma feshin guba yana cikin masu hatsari. Jikin yaro ƙarami ne, abin da zai sa babba ciwon kai shi zai iya kayar da shi. Ko ɗebo ruwan ma, ya ajiye a bakin gona ya juya kafin a buɗe kwalba.