Shin in ajiye aikina in tafi aikin agaji?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni akanta ne a wani kamfani a Jos, ina da mata da 'ya'ya uku. Tun ambaliyar da ta ci Rikkos da Gangare a 2012, wadda na gani da idona, zuciyata take kan aikin agaji, kuma da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle ruwa ya mamaye Maiduguri a watan Satumban 2024, sai zama a ofis ya gagare ni. Shin in ajiye aikin in tafi?
Mai karatu daga Rikkos, Jos

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka maka da alheri bisa wannan niyya. Shawarata ita ce kada ka yi murabus. Ka fara da hutunka na shekara, in bai isa ba ka nemi hutun wata biyu ko uku ba tare da albashi ba, kuma ka tabbata an ba ka izinin a rubuce, da ranar tafiya da ranar dawowa, domin alkawarin baki ba ya riƙe wa mutum kujera. Ka sani cewa muddin albashi ya tsaya, kuɗin fanshonka ma ya tsaya, wato kashi 8 cikin ɗari naka da kashi 10 na kamfani. Saboda haka ka zauna da uwargida ku lissafa cefane, haya da kuɗin makarantar yara, domin haƙƙinsu yana gaba.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne horo kafin damina. Wanda ya isa sansani shi kaɗai, ba ƙungiya ba horo, yakan zama ƙarin nauyi, domin sai an ciyar da shi an nema masa makwanci. Ka yi rajista da reshen Red Cross na Filato, ko 'yan agajin Jama'atu ko na Izala, waɗanda suke aiki tare da hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa, wato NEMA, da ta jiha idan masifa ta auku.

Kada kuma ka raina sana'arka. Masu ɗaukar buhu suna da yawa, amma wanda zai riƙe rajistar magidanta da lissafin kayan sito cikin amana, har shinkafa ta kai ga wadda ruwa ya cinye wa ɗaki, shi ne ake nema. Buƙatarsa tana ƙaruwa bayan ruwa ya janye, lokacin da jama'a suka watse, rijiyoyi suka gurɓata, ake fargabar ɓarkewar kwalara. A nan ne zan so ka sanya hutunka.